TUSHEN ƘARFIN MOTOCI MASU AIKI DA LANTARKI: NAZARI A KAN ABIN DA ZAI DACE DA DOGON DAWA TA ƘASAR BIRNIN GWARI

1.0 GABATARWA

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, maganar motoci masu aiki da lantarki ta fita daga ɗakunan karatu ta shiga tashoshin mota da wuraren hira. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 kafin wannan rana ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen shekarar 2024. Don haka ba abin mamaki ba ne a ji manomi ko ɗan acaɓa yana tambayar ko da gaske akwai abin hawan da ba ya shan mai. Amsar da aka saba ba shi ita ce, “I, akwai, da wuta yake aiki.” Wannan amsa daidai ce, sai dai ta bar babbar tambayar a rufe, watau ita wutar daga ina take fitowa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta buɗe wannan tambaya. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa motar lantarki ba ta da wani ƙarfi nata na kanta, ƙarfin da aka zuba mata shi take kashewa, kuma amfaninta da arharta da tsabtarta duk sun rataya ne a kan inda aka samo wannan ƙarfi. Za mu fara da bayanin wasu kalmomi da ɗan tarihi, sa’an nan mu bi hanyoyin samar da wuta ɗaya bayan ɗaya, mu auna su da lissafi. Daga ƙarshe za mu ɗora abin da muka samu a kan garin Dogon Dawa da ke kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa. Mun zaɓi wannan gari ne saboda shawarar da ta dace da Abuja ko Legas ba lalle ba ne ta dace da garin manoma da ke gefen daji, kuma mafi yawan garuruwanmu sun fi kama da Dogon Dawa a kan Abuja.

2.0 BATIR RUMBU NE

Akwai kalmomi uku da ya kamata mu rarrabe kafin mu yi nisa. Ta farko ita ce makamashi, watau duk abin da ke ɗauke da ƙarfin yin aiki, kamar itace da fetur da ruwa mai gangara da hasken rana. Ta biyu ita ce lantarki, wanda hanya ce ta ɗauko wannan ƙarfi daga inda yake a kai shi inda ake bukatarsa. Ba a haƙo lantarki daga ƙasa kamar kwal, sai an juya wani makamashi ya zama shi. Ta uku ita ce batir, wanda ma’aji ne. Idan muka ɗauki misali daga noma, makamashi shi ne gona, lantarki shi ne jakin da ke ɗauko amfanin gona, batir kuwa rumbu ne. Rumbu ba ya noma. Abin da aka zuba masa da kaka shi za a ɗiba da bazara, kuma idan aka zuba masa hatsi mai tsada ba zai mai da shi mai arha ba.

Ma’aunin da za mu yi aiki da shi shi ne yunit, irin wanda mitar gida take ƙirgawa. Yunit ɗaya shi ne wutar da ƙwan fitila mai wat 100 zai sha idan ya yi awa goma a kunne. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 9. To, amma injin mota mai ƙona mai ba ya kai wa tayoyi fiye da kashi 20 zuwa 30 bisa ɗari na wannan ƙarfi, sauran yana salwanta a zafin inji da hayaƙin salansa. Injin lantarki kuwa yana mai da kusan kashi 90 bisa ɗari na wutar da ta shige shi ta zama motsi. Wannan shi ne babban fifikon motar lantarki, kuma ba mai musun sa. Abin da akan manta shi ne, idan da ƙona mai aka samar da wutar, to asarar nan ta zafi tana nan, tasha kawai ta sake: ta tashi daga cikin mota ta koma gidan wuta.

2.1 Ɗan Tarihi

Motar lantarki ba baƙuwa ba ce. Volta ɗan Italiya ya ƙirƙiro batir a 1800. A 1831 Faraday na Ingila ya gano cewa idan aka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya wuta takan gudana a cikinta, kuma a kan wannan ƙa’ida dainamon fitilar keke da manyan injunan Kainji duk suke aiki. A 1859 Plante Bafaranshe ya ƙera batirin dalma da ake iya sake wa caji, kakan wanda ke cikin motocinmu. Motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa, a 1899, ta lantarki ce. Abin da ya kayar da ita shi ne arhar fetur, da fitowar motar Ford mai rahusa a 1908, da kuma samun abin tayar da inji da makulli a 1912, wanda ya raba direba da wahalar juya hannu.

Abin da ya dawo da ita kuwa shi ne batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, domin ya fi na dalma ɗaukar wuta nesa ba kusa ba, ga kuma rashin nauyi. A 2024 an sayar da motocin lantarki kimanin miliyan 17 a duniya, watau fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. A nan gida, an ƙaddamar da Hyundai Kona da aka haɗa a Legas a watan Nuwamba 2020. A watan Afirilu 2021 Hukumar Tsara da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri ma, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injunan ƙananan motocin haya yana sa musu na lantarki.

3.0 IRE-IREN MOTOCIN

Abin da ake kira motar lantarki ya kasu huɗu, kuma kowanne da inda yake samun ƙarfinsa.

Na farko shi ne mai batir zalla. Ba shi da tankin mai, ba shi da salansa, duk ƙarfinsa daga soket yake. Shi ne abin da wannan takarda ta fi mai da hankali a kai.

Na biyu shi ne ruwa-biyu wanda ba a jona shi da soket, kamar Toyota Prius da ta fito a 1997. Yana da ɗan batir, amma injin fetur ne ke cika shi, tare da ƙarfin da ake tarawa idan an taka birki. Saboda haka tushen ƙarfinsa fetur ne ɗungurungum, tattali kawai ya iya.

Na uku shi ne ruwa-biyu mai soket. Gajeriyar tafiya yakan yi ta da wuta, doguwa da mai.

Na huɗu shi ne mai aiki da iskar haidirojin, wanda ke samar da wutarsa a cikin tafiya. Ruwa ne kaɗai ke fita daga salansarsa, amma mafi yawan haidirojin da ake sarrafawa a duniya daga iskar gas ake tace shi. Wannan nau’i bai shafi halin da muke ciki ba, don haka ba za mu sake komawa kansa ba.

4.0 HANYOYIN SAMAR DA WUTAR

4.1 Ruwa

Ana tare kogi da madatsa, a saki ruwan ya faɗo a kan farfela, farfelar ta juya injin da ke ba da wuta. Ba a ƙona kome. Nijeriya tana da manyan madatsun wuta huɗu: Kainji mai megawat 760 da aka kammala a 1968, da Jebba mai megawat 578 ta 1985, dukkansu a kan Kogin Kwara, sai Shiroro mai megawat 600 ta 1990, da Zungeru mai megawat 700 da wutarta ta shiga layin ƙasa a 2024, dukkansu a kan Kogin Kaduna. Abin lura shi ne waɗannan madatsu suna Jihar Neja da bakin iyakarta, ƙasar Birnin Gwari kuwa ta yi iyaka da Jihar Neja. Watau Dogon Dawa maƙwabciyar wutar ruwa ce. Raunin wannan hanya shi ne ruwa yakan ja baya da rani, wutar ta ragu.

Ƙasashen da suka fi cin moriyar motar lantarki su ne masu wutar ruwa. Norwe tana samun kusan kashi 90 bisa ɗari na wutarta daga ruwa, kuma a 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a can masu batir zalla ne. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024, ta kuma buɗe babbar madatsarta mai megawat 5,150 a watan Satumba 2025. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: sun tanadi wutar, sa’an nan suka kira motar.

4.2 Iskar Gas

Kimanin kashi uku cikin huɗu na wutar da ke bin layin ƙasa a Nijeriya daga ƙona iskar gas ake samun ta, a tashoshi irin su Egbin ta Legas mai megawat 1,320, da Afam, da Ughelli, da Geregu. Ke nan duk wanda ya jona motarsa da wutar gwamnati a Kaduna ko Zariya, mafi yawan tafiyarsa gas ɗin Neja Delta ne ke tura shi. Gas ya fi kwal tsabta, hayaƙinsa kusan rabin na kwal ne. Matsalarsa ita ce tashoshin suna kudu, kuma fasa bututu ko bashin da masu gas ke bi yakan sa injuna su tsaya. An ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a watan Yuni 2020, da nufin kawo gas arewa. Duk da cewa injunan da aka kafa a ƙasar sun kai na megawat 13,000, abin da ya fi yawa da layin ya taɓa ɗauka zuwa watan Maris 2025 bai wuce megawat 5,800 da ’yan kai ba, ga al’umma fiye da miliyan 200.

4.3 Kwal da Nukiliya

An gano kwal a Inugu a 1909, amma yau ba shi da wani kaso a wutar layin ƙasa. A wasu ƙasashe kuwa shi ne ginshiƙi: fiye da rabin wutar ƙasar Sin, da kimanin kashi huɗu cikin biyar na wutar Afirka ta Kudu. Motar lantarki a Johannesbag, in an bi diddigi, motar kwal ce. Faransa kuma tana samun kimanin kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya, kuma a shekarun baya ta daɗe tana sayen yuraniyam ɗin Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Ƙaramin injin nukiliyar da ke Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004 na bincike ne, ba ya ba gari wuta.

4.4 Iska da Rana

Tashar iska ta Lambar Rimi a Jihar Katsina, mai megawat 10, ta ɗauki fiye da shekara goma ana aikinta, kuma babu wanda zai ɗora shirin sufuri a kan irinta a halin yanzu. Rana kuwa wata magana ce. A arewacin Nijeriya faifan sola mai ƙarfin kilowat ɗaya, watau faifai biyu masu wat 500, yakan ba da yunit 4 zuwa 5 a yini. Jihar Kano ta sami tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso a watan Janairu 2023. Babban abin da ya bambanta rana da sauran hanyoyin da muka ambata shi ne ana iya girbe ta a inda ake bukatarta, ba sai an ja waya ta ɗaruruwan kilomita ba. Rauninta a fili yake: ba ta aiki da dare, takan ragu a cikin hadarin watan Agusta, kuma ƙurar hunturu takan dushe faifan idan ba a goge shi.

4.5 Janareta

Ba a cika sa janareta a lissafin littattafan Turai ba, amma a wurinmu tilas a sa shi, domin shi ne gidan wutar mafi yawan shagunan caji a ƙauyuka. Babban janareta mai aiki da man dizal yakan ba da kimanin yunit 3 a kowace lita. Ƙaramin janareta na fetur da ƙyar yake ba da yunit 2.

5.0 LISSAFIN KWATANCI

Bari mu ɗauki tafiyar kilomita 100, wadda ta ɗan gaza nisan Kaduna zuwa Birnin Gwari. Matsakaiciyar motar lantarki tana bukatar kimanin yunit 20 daga soket, har da abin da ke salwanta wajen caji. Takwararta mai fetur mu ce tana shan lita 8. Ƙona litar fetur ɗaya yana fitar da iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, kimanin kilo 2.3, litar dizal kuwa kimanin kilo 2.7. Alƙaluman da ke biye ƙiyasi ne da muka dunƙule don sauƙin kwatanci:

(a) Motar fetur: lita 8, kabon kilo 18.
(b) Motar lantarki, wutar kwal: kabon kilo 19.
(c) Motar lantarki, wutar gas zalla: kabon kilo 10.
(d) Motar lantarki, layin ƙasa na Nijeriya, gas gauraye da ruwa: kabon kilo 8.
(e) Motar lantarki, janareton dizal: kusan lita 7, kabon kilo 18.
(f) Motar lantarki, ƙaramin janareton fetur: lita 10, kabon kilo 23.
(g) Motar lantarki, ruwa ko rana: babu mai, babu hayaƙi a lokacin aiki.

Abubuwa uku suka fito daga wannan lissafi. Na ɗaya, mota guda ce daga (b) zuwa (g), amma sakamakon ya tashi daga kilo 23 zuwa babu, kuma tushen wutar ne kaɗai ya sauya. Na biyu, wutar layin ƙasa, duk da abin da ake faɗa a kanta, ta fi fetur tsabta ninki biyu, in dai akwai ta. Na uku, wanda ya yi wa motar lantarki caji da ƙaramin janareta ya ƙona lita 10 don tafiyar da motar fetur za ta yi da lita 8. An gudu ba a tsira ba. Ya kamata mu ƙara da cewa lissafin bai haɗa da hayaƙin da ake fitarwa wajen haƙo ma’adinai da ƙera batir ba. Wannan bashi ne da motar take zuwa da shi daga masana’anta, kuma gwargwadon tsabtar wutar da take sha, gwargwadon saurin biyansa.

6.0 HALIN DOGON DAWA

Dogon Dawa gari ne na noma a gabashin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, ƙasar da ta yi suna wajen masara da dawa da waken suya. Abin hawan da ya fi yi wa mutanen irin wannan gari aiki shi ne babur: shi ke kai manomi gona, shi ke fito da buhu daga ƙauye zuwa bakin titi, shi ke kai mara lafiya asibiti. Duk lokacin da fetur ya tashi, kuɗin fito da buhun masara yakan tashi, ribar manomi ta ragu. Saboda haka tambayar a nan ita ce wace wuta za ta cika batirin babur da a-daidaita-sahu. Hanyoyi uku ne a gabanmu.

6.1 Layin Ƙasa

Mun ga cewa madatsun ruwa suna kusa. Amma wutar ba ta zuwa sai ta bi turaku, turakun kuma sai sun ratsa daji. A 2024 an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna, kuma rashin tsaro ya hana ma’aikata isa wurin su gyara da wuri. Da layin da ke taimaka masa, na Ugwuaji zuwa Apir, ya sami matsala a ranar 21 ga Oktoba 2024, sai mafi yawan jihohin arewa suka shiga duhu fiye da mako guda. A wannan lokaci mai motar fetur ya ci gaba da tafiya, ko da tsada. Da a ce sufurin Kano da Kaduna ya dogara ga soket, da ya tsaya cik. Idan haka ta sami manyan birane, ina ga garin da ke ƙarshen layi? Gaskiyar magana ita ce, layin ƙasa zai iya zama ƙari ga Dogon Dawa, amma bai isa a jingina abin hawa da shi shi kaɗai ba.

6.2 Janareta

Lissafinmu na sama ya riga ya yanke hukunci a kan wannan. Akwai kuma wani dalili na daban. A watan Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna, don matsa wa ’yan bindiga, ta hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi, har da Birnin Gwari, ta kuma hana hawa babur na wani lokaci. Watau a wannan yanki fetur ya taɓa zama abin da ake iya rufe wa famfo saboda tsaro. Tashar cajin da ke aiki da janareta tana cikin wannan haɗari daidai da gidan mai. Haka kuma ba mu ba da shawarar a samar da wuta ta hanyar ƙona itace ko gawayi ba. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya riga ya sha sara. A sare daji don a tuƙa babur marar hayaƙi tufka da warwara ne.

6.3 Rana

A nan ne lissafin ya fi armashi. Babur mai lantarki yana bukatar kimanin yunit 4 don kilomita 100, abin da faifai biyu masu wat 500 za su ba da a yini ɗaya. Mota kuwa tana bukatar faifai tara ko goma don tafiya irin wannan. Babur mai fetur yakan sha kusan lita 3. Da farashin ƙarshen 2024, wannan naira 3,000 ce. Yunit 4 kuwa, ko da an sayar da shi a kan naira 225, farashin da aka sa wa masu samun wuta mafi yawa a watan Afirilu 2024, naira 900 ce. Ko mai tashar sola ya ninka wannan farashi don ya mai da jarinsa, ɗan acaɓa yana da sauran riba.

Akwai cikas ɗaya: lokacin da rana ta fi ƙarfi shi ne lokacin da babur yake kan hanya. Maganin da aka samo, wanda kamfanin Ampersand ya fara aiki da shi a Kigali ta Ruwanda tun 2019, shi ne musayar batir. Mai babur yakan zo ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin ’yan mintoci, ya biya kuɗin wutar kawai, batiran kuwa su yini suna shan rana a tasha. Wannan tsari yana kuma sauke wa mai babur nauyin sayen batir, wanda shi ne mafi tsada a jikin abin hawan. Tashar da ke da faifai arba’in, watau kilowat 20, za ta ba da yunit 80 zuwa 100 a yini, abin da zai ishi babura ashirin, kuma rarar za ta iya juya injin niƙa ko famfon rijiyar burtsatse.

6.4 Abubuwan Tsoro

Ba za mu ɓoye matsalolin ba. Na farko shi ne jari, domin kuɗin wutar shekara ashirin ake biya a rana ɗaya. Na biyu shi ne sata, don faifai da batir kaya ne masu saurin shiga kasuwa. Na uku, zafi yana rage wa batirin litiyam kwana, don haka tilas ɗakin caji ya sami inuwa da iska. Na huɗu shi ne inda za a kai mataccen batir. Maƙwabtanmu sun ga abin da gubar dalma take yi wa yara, a Zamfara a 2010 da kuma Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015. Waccan dalma daga duwatsun zinariya ta fito, amma ita ce dai ke cikin batiran da ake fasawa a bayan shaguna. Na biyar ya fi duka nauyi. Babur mai lantarki ba shi da ƙara, kuma wanda ya mallaki faifan sola a cikin daji ba ya bukatar mai kawo masa jarka. Abin da zai ’yantar da manomi daga tsadar fetur zai iya ’yantar da ɓarawo daga takunkumin fetur. Sulhun da ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamba 2024 ya buɗe ƙofar tunanin irin waɗannan ayyuka, amma wajibi ne a yi shirin da wannan haɗari a zuciya.

7.0 SHAWARWARI

(i) A fara da wuta kafin abin hawa. Duk hukumar da za ta raba baburan lantarki a karkara ta fara kafa tashar sola, in ba haka ba janareta za su koma.

(ii) A fara da babur da a-daidaita-sahu. Manyan motocin ɗaukar hatsi za su ci gaba da shan dizal zuwa wani lokaci.

(iii) Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Jihar Kaduna, tare da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, tana iya haɗa tashoshin caji da ƙananan tashoshin sola na garuruwa, yadda kasuwa da asibiti da babura za su raba kuɗin gini.

(iv) A yi wa kowane batir lamba da rajista, a kafa tashoshin a cikin gari da sanin hakimai da dagatai da ƙungiyoyin ’yan acaɓa, kuma mai tasha shi zai karɓi mataccen batir ya mai da shi ga kamfani.

(v) Kwalejojin ilmi da na fasaha su sa gyaran injin lantarki da haɗa sola a manhajarsu, kuma a koyar da shi da Hausa, domin makanikan da za su riƙe wannan aiki a Dogon Dawa da Hausa suke koyon sana’a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun nuna cewa batir ma’aji ne, kuma motar lantarki tana ɗaukar halin wutar da aka zuba mata: ta ruwa ce a Norwe, ta kwal a Afirka ta Kudu, ta gas a biranenmu, ta fetur a duk inda janareta ke ruri. Mun kuma nuna cewa ga gari irin Dogon Dawa, inda layin ƙasa ke ratsa daji kuma fetur ke iya yankewa, hasken rana da musayar batirin babur su ne suka fi kusa da yiwuwa, in an tanadi jari da tsaro da masu gyara. Abin da ya rage shi ne a auna a wurin: kilomita nawa ɗan acaɓa ke yi a yini, nawa ne kuɗin fito da buhu daga ƙauye, kuma yunit nawa faifai ke bayarwa a watan Agusta da watan Janairu. Muna fata abokan aikinmu na sassan kimiyya da fasaha za su ɗauki wannan aiki, su kawo mana sakamakonsa a zama na gaba. Allah ya sa mu dace.